Hatimi Mara Sunan Gida

"Karɓi abinka."

Chizuru ta miƙo masa 'yar jakar ba tare da ta kalle shi ba. Shinpei bai miƙa hannu ba. A tsakiyar gonar tuffan gidan su Chizuru suke tsaye, tsani na jingine da bishiya, kwando bai ko yi rabi ba.

"Kwana tara na yi ina sassaƙa shi," ya ce.

"Na sani. Ya yi kyau. Shi ya sa ya fi ciwo."

"To mene ne laifinsa?"

Ta zazzage jakar a tafin hannunta. Hatimi ne na ƙahon ɓauna, irin wanda ake bugawa a madadin sa hannu, siriri kamar ɗan yatsanta. Ta juyo masa da fuskar hatimin.

"Karanta."

"Chizuru."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Shi ke nan," ta maimaita, ta yi dariyar yaƙe. "Ina Nagamine? Ina sunan gidanmu? A hanya ya faɗi?"

"Haba, Chizu. Haka ake yi wa mata. Tun zamanin kakana haka muke yi a shago. In budurwa za ta yi hatimi, sunanta kaɗai ake sa mata, ba a sa na gida, saboda..."

Ya tsaya. Sai a lokacin ya hango inda maganar za ta.

"Ƙarasa mana."

Ya kawar da kai.

"Saboda ba zai daɗe ba," ta ƙarasa masa. "Saboda aro ne. Ko ba haka ba?"

"Ban yi tunani ba."

"Shi ne ai. Ba ka ma yi tunani ba. Hannunka ne ya yi maka." Ta matse hatimin a hannu. "Gurbi biyu ne a takardar aure, Shinpei. Sunan gidan miji, sunan gidan mata. Doka ta ce ɗaya za a zaɓa, ɗayan ya mutu. Shekara biyu ina tambayar ka, kana ce mini mu bari mu gani. Ashe ka gama gani tuntuni."

"Mu zauna haka mana, ba rajista. Wasu na yi a birni."

"Ka je ka faɗa wa Kaka. Kuma in muka haihu, sunan wa ɗan zai ɗauka? In ka kwanta asibiti, in ce musu ni wace ce? Maƙwabciya?"

"An ce majalisa za ta gyara dokar."

"Tun ina makarantar firamare ake cewa."

Hawaye suka zubo mata. Ta goge da bayan safar hannu, ƙasa ta ɓata mata kumatu. Ya so ya share mata, amma bai matsa ba.

Ya san komai, ba sai ta maimaita ba. Mahaifinta ya rasu tana 'yar shekara takwas. Mahaifiyarta ta sake aure a wani gari, ta tafi da wani suna. Babu wa, babu ƙane. Duk duniya mutum biyu suka rage masu amsa Nagamine: ita da kakarta Setsu, mai shekara tamanin da huɗu.

"Norihiko ya zo ranar Lahadi," ta ce. "Na gidan Ochiai, masu kantin magani. Har da kwat ya sa. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce shi ɗa na biyu ne, ba abin da ya riƙe shi. Zai shigo gidanmu, ya ɗauki sunanmu."

Shinpei ya kalle ta.

"Kina son sa?"

"Ba wannan Kaka ta tambaye ni ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen tsinkar tuffa."

Ta kama hannunsa, ta sa masa hatimin a ciki, ta naɗe masa yatsunsa. Ta hau tsaninta.

Ya daɗe a tsaye yana kallon bayanta. Ba ta waiwayo ba.

* * *

Allon da ke saman ƙofar shagonsu ya girmi mahaifinsa. KURAMOCHI, MASU SASSAƘA HATIMI. Kakan kakansa ne ya rubuta shi da hannunsa. Kullum Shinpei ta ƙarƙashinsa yake wucewa, bai taɓa ɗaga kai ba sai ranar nan.

Da yamma suka zauna cin abinci su uku. Shinkafa, gasasshen kifi, miyar miso. Yayarsa ta yi aure a birnin Nagoya shekara shida da suka wuce, tun daga nan gurbinta ya zama wurin ajiye butar shayi.

"Baba, ina da magana."

Mahaifinsa Genzo bai ɗago ba. Ƙaya yake cirewa daga kifi, a hankali, kamar yana kan aiki.

"In ta 'yar gonar tuffa ce, na ji ta bara."

"Ba ta da kowa, Baba."

"Ni ina da wa?"

Ya ture ƙayar gefen faranti.

"Yarinyar kirki ce," Genzo ya ce. "Ban ƙi ta ba. Ta shigo gidan nan kamar yadda uwarka ta shigo, kamar yadda tawa uwar ta shigo. Gonar a ba wani haya."

"Kabarin gidansu fa, wa zai kula da shi?"

"Namu fa? Kai ne babban ɗa. Kai ne ƙaramin. Ba ni da na canji a aljihun tebur." Ya ajiye tsinken cin abinci. "Mai sassaƙa wa gari sunaye, a ce ya kasa riƙe nasa? Da wace fuska zan shiga taron 'yan sana'a?"

"Shagon ba zai rufe ba. Ni ne dai, hannuna ne dai."

"To wa zai amsa in an ce Kuramochi? Allon?"

Shinpei ya kalli mahaifiyarsa. Tomie ta miƙe ta ɗauki butar shayi, ko da yake cike take, ta shiga madafa.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Norihiko ne. Dogo, mai fara'a, irin mutanen da tsofaffin mata ke so tun kafin su buɗe baki. Ajinsu ɗaya a sakandare. Ya rusuna wa Genzo, sannan ya jingina da kantar shagon yana murmushi.

"Kuramochi! Kana nan kana cin ƙura? Ka rame, ka san?"

"Me za a yi maka?"

"Hatimi nake so. Na rajista, babba. Icen tsuge mai kyau."

"Ai kana da shi. Mu muka yi maka."

"Wancan na Ochiai ne." Ya zaro takarda daga aljihu, ya shimfiɗa a kan kanta. "Wannan nake so."

Nagamine.

Shinpei ya sake karantawa. Ya dafa kanta da hannu biyu.

"Ta amince?"

"Kaka Setsu ta ce in fara shiri. Ka san tsofaffi, ba sa son jira." Norihiko ya ɗan rage murya, murmushin ya ragu. "Kada ka kalle ni haka. Ban ƙwace maka komai ba. Ni tun kafin a haife ni yayana ya cinye gidanmu, suna da kanti da kabari. Ochiai a wurina riga ce da aka ba ni kunce. In na cire, ba wanda zai lura."

"Ita fa? Ka tambaye ta?"

"Shekara biyu kana da damar tambayarta kai ma." Ya miƙe, fara'ar ta dawo. "Ka yi mini mai kyau. Kaf garin nan ba wanda ya kai ka sanin yadda ake rubuta sunan nan."

Shinpei ya buɗe baki zai ce ba za su yi ba.

"Ranar Talata da rana," Genzo ya faɗa daga bayansa. "Mun gode da ka tuna da mu."

Ƙararrawa ta sake kaɗawa.

Genzo ya ɗauki takardar, ya zaɓo guntun ice daga akwati, ya ajiye su a kan teburin ɗansa.

"Baba..."

"Idona ba ya ganin ƙananan layuka yanzu, ka sani. Kai za ka yi."

Ya koma wurinsa ya ci gaba da wasa wuƙa.

* * *

Kwana uku Shinpei bai yi wa kowa magana ba.

A juye ake rubuta suna a kan hatimi, don ya fito daidai a takarda. Ya zana, ya goge. Ya zana, ya goge. Ya ɗaure icen a maƙalinsa, ya sunkuya. Ƙaramar wuƙa, ƙaramin numfashi. Garin ice ya taru a gefen hannunsa kamar gishiri.

Sau biyu ya ɗauki waya. Sau biyu ya mayar da ita aljihu.

Sau ɗaya ya yi niyyar ɓata aikin. Ya ɗora bakin wuƙa a kan layi mafi siriri, kaɗan ya rage ya danna. Hannun ya ƙi. Sunanta ne.

Ranar Asabar da la'asar ya gama. Ya dangwala a jar tawada, ya buga a farar takarda. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, ya sani, kuma sanin bai yi masa daɗi ba.

Ya ɗauki fensir. A ƙarƙashin jan tambarin ya rubuta Shinpei, ƙanana-ƙanana.

Nagamine Shinpei.

Ya faɗe shi a hankali. Kamar sunan wani baƙo da aka ce masa ya je tasha ya tarbo.

"Ba ya zama a baki da farko."

Ya zabura. Mahaifiyarsa ce a bayansa, rungume da babban aljihun tebur da ta zaro gaba ɗaya. Genzo ya tafi taron 'yan sana'a. Ta dire shi a kan tabarma, ta durƙusa.

Tsofaffin hatimai ne, sun fi ɗari. Duk wanda ya yi sabo, a nan yake barin tsohon. Farkon watan goma a kai su wurin ibada, a yi musu godiya, a ƙone. Kowace shekara Tomie ce ke goge su ɗaya bayan ɗaya kafin a kai.

"Zo ka taya ni," ta ce.

Ya zauna. Ta miƙa masa tsumma.

"Ka taɓa lura da na su wa ne?"

"Na matattu."

"Kaɗan ne na matattu. Duba girmansu." Ta ɗaga ɗaya, siriri. "Na amare ne. Waɗanda iyayensu ba su ji shawarar shago ba, suka sa musu sunan gida. Ina karanta kowanne kafin in sa a kwali. Ba wanda ya sa ni. Gani na yi ya kamata wani ya kira su sau ɗaya."

Ta sa hannu a cikin ɗamararta, ta ciro wani ƙunshi. Ɗan hatimi ne na ice, gefensa ya yi baƙi don tsufa.

"Karanta."

"Usui."

"Ni ce."

Ya kalle ta. Ya san sunan, a takarda. Bai taɓa jin sa a bakinta ba.

"Ranar da aka kawo ni, kakanka ya karɓe shi da hannu biyu, ya yi mini godiya, ya jefa a nan. Da asuba na sauko na sace abina. Shekara talatin da ɗaya. Babanka bai sani ba." Ta yi ɗan murmushi. "Ba abin da zan buga da shi. Ko kayan gidan waya ba zai karɓo mini ba."

"Kin yi nadama, Mama?"

"Na sami kai da yayarka. Kada ka yi mini tambayar banza." Ta mayar da ƙunshin. "Amma ba wanda ya tambaye ni. Ko babanka, kuma yana so na. Bai yi tunani ba ne kawai."

Maganar ta soke shi. Ya sunkuyar da kai.

Ya tashi ya buɗe jakarsa, ya ɗauko takardar auren da ya karɓo daga ofishin gari tun bara. Ta yi laushi saboda ninki. Ya cike komai tuntuni, in ban da gurabun nan biyu. Ya ɗauki biro. Ya daɗe.

Ya sa alama a na sunan gidan mata.

"Shaidu biyu ake so," ya ce, muryarsa a dushe.

Tomie ta kalli takardar. Hawaye suka cika mata ido, ba su zubo ba.

"Ba zan ce maka ka yi daidai ba. Mutumin nan ba shi da komai sai allon can da kai. Zai daina magana, na san shi. Ni zan zauna da shirun, ba kai ba."

"To kada ki sa."

"Ba ni biron."

Ta rubuta Kuramochi Tomie, a hankali, layi bayan layi. Gurbin shaida na biyu ya rage fari fat.

* * *

Litinin ce ranar ziyarar kaburbura ta lokacin kaka. Tun safe mutanen gari suka hau tudu da bokitai da furanni. Gidan Kuramochi sun yi tasu da wuri. Genzo ya wanke dutsen kabarin gidan da kansa, ya kunna turare, ya ce wa ɗansa, "Ka lura da yadda ake yi." Da suka sauko, Shinpei ya ce ya manta ludayin zuba ruwa. Ya koma.

Kabarin Nagamine na can ƙarshe, kusa da itatuwa. Chizuru na durƙushe tana cuɗa dutsen da soso. Kaka Setsu na zaune a kan 'yar kujerar ninki, sanda a tsakanin gwiwoyinta.

Tsohuwar ce ta fara ganin sa.

"A'a, ɗan mai hatimi. Gaisuwar matattu ka zo, ko sata?"

Ya rusuna sosai. "Barka da hutawa, Kaka."

"Ban huta ba. Sai na san wanda zai riƙe soson can bayan ita." Ta nuna dutsen da sanda. "Mijina na nan. Ɗana na nan. Ni ma an bar mini wuri. Ka ga na can gefe, da ciyawa ta cinye? Su ma mutane ne da. 'Ya'ya mata suka haifa."

"Kaka, don girmanki," Chizuru ta ce.

"Na yi shiru. Ku yi. Kunnena ɗaya ne ke aiki, kuma na juya shi."

Chizuru ta miƙe tana goge hannu a jikin siket. Idanunta sun faɗa. Ita ma ba ta yi barcin kirki ba, ya gani.

Ya ciro hatimin, ya ɗora a gefen dutsen.

Ta ɗauka. Ta juya shi.

"Wannan fa?"

"Norihiko ya ba da aiki. Gobe da rana zai zo karɓa."

"Kai ka sassaƙa masa?"

"Ni."

"Ba ka da zuciya ne, Shinpei?"

"Ina da ita. Shi ya sa ya yi kyau." Ya nuna hatimin. "Sunan gida kaɗai ne a jiki. Bai san hannun da zai riƙe shi ba tukuna."

Ya miƙa mata takardar.

Ta warware. Idonta ya bi layi-layi har ya kai gurabun nan biyu. Ya tsaya. Ta sa hannu ta toshe bakinta.

"Mamarka ta sa hannu."

"Ta sa."

"Babanka?"

"Bai sani ba."

"Da safe na hango ku," ta ce. "Yana nuna maka yadda ake wanke dutse."

"In kin ce e, gobe in ce wa Norihiko ya nemi wani gida. Yau ɗin nan in faɗa wa Baba."

Ya zaci za ta yi murna. Duk hanyar hawowa abin da ya zana a ransa ke nan. Sai ga shi ta durƙushe a kan tsakuwa tana kuka mai ƙarfi, har mutanen kabarin gaba suka kawar da kai don kunya.

"Chizu, abin da kike so ne."

"Ba shi ba ne!" Ta ɗago jajayen idanunta. "Ba shi ba ne. Ni ban ce ka mutu don in rayu ba. So nake in tsaya da sunana, ka tsaya da naka, mu shiga ofishin nan mu fito mu biyu yadda muka shiga. Shi ke nan. Wannan ne ya yi yawa?"

"Babu wannan gurbin a takardar."

"Na sani."

"To ɗaya zai bayar. Na bayar."

"Norihiko zai bayar da abin da ba ya so. Kai za ka yanko naka da jini, ka miƙo mini, ka ce in yi murmushi." Ta share fuska, hawayen suka ƙi tsayawa. "Mako guda ina jin haushinka don ka ɗauka ni zan rasa. Yanzu ka mayar da ni kai."

"Na zaɓa da kaina. An tambaye ni. Ke kika tambaye ni."

"Yau ka zaɓa. Yau kana so na."

"Gobe ma."

Kaka Setsu ta juyo da kunnenta mai aiki. Idonta na kan takardar, a kan gurbin shaidar da ya rage, kuma yatsunta na motsi a kan sanda kamar masu neman biro.

Iska ta taso daga gonaki, ta kwantar da hayaƙin turare. Daga nan tudun ana hango titin kasuwa, da rufin shagon, da ɗan duhun allon a saman ƙofa. Wani ƙaramin mutum na tsaye a ƙarƙashinsa, ya ɗaga kai yana kallon tudu, yana jiran wanda ya tafi ɗauko ludayi.

Chizuru ma ta hango shi.

Ta miƙe. Hatimin a hannu ɗaya, takardar a ɗayan. Ba ta mayar masa ba, ba ta kuma sa a aljihu ba.

"Faɗa mini gaskiya, Shinpei," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ranar da tsohon can zai rasu, aka kawo shi tudun nan, ka tsaya gaban dutsen da ba sunanka a jiki, sannan ka juyo ka kalle ni, wa za ka gani? Matarka, ko wadda ta cinye gidanku?"